Rubutu ya tsaya mini tun rasuwar mahaifiyata, ta ina zan koma?

Tambaya: Malama, ni marubuciya ce a intanet, na kammala littattafai uku. Ina tsakiyar na huɗu ciwon ƙoda ya kama mahaifiyata. Mun fi shekara muna jinya, kuma yawancin babukan littafin a ƙofar ɗakin wankin ƙoda na rubuta su a waya ina jiran ta fito. Yau wata takwas da rasuwarta, ko sakin layi ɗaya na kasa haɗawa. Da na buɗe wayar sai ƙirjina ya yi nauyi. Masu karatu sun riga sun biya kuɗin littafin, kullum suna tambayar ci gaba. Wani lokaci nakan ji laifi, ina can ina rubuta soyayya ita tana fama da ranta. Wasu sun ce in rubuta labarinta zan samu sauƙi, wasu sun ce in bar rubutun in kama ibada. Baiwar ce ta tafi? Ta ina zan fara?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya jiƙan Mama, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ya ba ku haƙurin rashinta. Ke kuma Allah ya saka miki da alheri kan jinyar da kika yi.

Baiwarki tana nan. Na daɗe ina gyara wa marubuta aiki ina koyar da masu tasowa, kuma wannan tsayawar na gan ta a wurin mata da maza bayan rashin uwa ko miji ko ɗa. Ƙagaggen labari natsuwa yake ci. Sai kin riƙe mutum goma a kanki, kin tuna wanda ya yi rantsuwa a babi na shida, kina kuma jin daɗin ƙulla rikici don ki warware shi. Baƙin ciki kuwa nan yake fara taɓawa: barci ya lalace, mantuwa ta yi yawa, mutum ya karanta shafi ɗaya sau uku bai riƙe komai ba. Ki ɗora gajiyar jinya a kai. Wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kowane zama kusan awa huɗu, ga neman jini, ga neman kuɗi, ga kwanan zaune. Wanda ya yi shekara a haka, wata takwas ba lallai ya ishe shi ya rama ko barcin ba. Sannan ga abin da kika faɗa da bakinki: a waya kika rubuta littafin, a kan bencin asibiti. Zuciyarki ta haɗa wayar nan da littafin nan da warin maganin asibiti ta ɗaure wuri guda. Kina buɗe ɗaya sauran suna biyo shi. Wannan ƙullin ana kwance shi, kuma za mu zo kansa.

Kina iya cin karo da zancen wai baƙin ciki matakai biyar ne, daga ƙin yarda har zuwa sallamawa, ki fara auna kanki ki ga kin makara. Kada ki auna. Likitar da ta kawo zancen a 1969, Elisabeth Kübler-Ross, daga hirarta da marasa lafiya masu jiran ajali ta samo shi, daga baya ne mutane suka jingina shi ga waɗanda aka mutu aka bari. Bayanin da ya fi kama da abin da nake gani a wurin marubuta shi ne na Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht a Holan, wanda suka fitar a 1999. Sun ce mai jimami kai-kawo yake yi tsakanin abu biyu: wani lokaci ya fuskanci rashin ya yi kukansa, wani lokaci ya juya ga hidimar rayuwa har ya yi dariya, kuma wannan kai-kawon shi ne lafiyar. Don haka ranar da kika rubuta shafi biyu, kashegari kika kasa tashi daga kan darduma, ba baya kika koma ba.

Batun laifin da kike ji ya fi damuna da batun littafin. Ki tambayi kanki a ina kike lokacin da kike rubuta babukan nan. Kina ƙofar ɗakin da take. Ba a barin mai jinya ya yi wa injin aikinsa, jira ne kawai, kuma kin yi jiran. Mai yiwuwa ma kuɗin littafin ya sayi magani ko ya biya wani zaman wankin. Rubutun ne ya riƙe ki har kika iya dawowa kashegari da fuskar da za ta kalla ta samu ƙarfi. Ban ga laifi a nan ba ko kaɗan.

Masu cewa ki bar rubutu ki kama ibada alheri suke nufinki, amma sun raba abin da bai rabu ba. Abin da Mama take buƙata daga gare ki yanzu addu'a ce da sadaka da riƙon zumuncinta, kuma alƙalami bai hana ko ɗaya. Shari'a ta sa wa zaman makoki iyaka, kwana uku ga kowa, wata huɗu da kwana goma ga matar mamaci, amma ba ta sa wa zuciya ranar daina kewa ba. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗar sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Mu marubuta nan mizaninmu yake: a ji ciwon, a kula da abin da ake furtawa. Kuma muna da magabata a wannan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi marsiyya ga ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha, har da matan da ba 'yan sarauta ba. Ta binne mutanenta da yawa, ba ta ajiye alƙalami ba, ba wanda kuma ya ce tawakkalinta ya yi rauni. Idan akwai wani abu a cikin littattafanki da kika san ba za ki so Mama ta karanta ba, wannan magana ce daban, ki gyara shi. Amma rubutun kansa ba shi ne abokin gabar ibadarki ba.

Yanzu ga aiki. Ki fara sauke nauyin mutanen da suka biya kuɗi, domin alkawari kaya ne, kuma ina zaton wani kaso na nauyin ƙirjin nan na bashinsu ne. Ki tura musu saƙo ɗaya gajere: an yi mini rasuwa, littafin ya tsaya, ban sa ranar ci gaba ba, mai son kuɗinsa ya yi magana a mayar masa. Kada ki sa rana don ki kwantar musu da hankali, ranar za ta zo ta same ki ba ki shirya ba ki ƙara shiga kunya. Idan kuɗin ya tafi a jinya ki faɗa musu gaskiya, ki riƙa mayarwa kaɗan-kaɗan. Amsa saƙonnin kuma ki damƙa wa wata aminiya. Tsarin sakin babi kullum ko bayan kwana biyu, masu karatu suna tsaye a kanki, ko mai ƙoshin zuciya yana jin jiki a cikinsa. Ko bayan kin dawo, shawarata kada ki sake sakin littafi sai kin kammala shi ko kin yi nisa ƙwarai.

Bayan haka ki ajiye wayar, ki ajiye littafin na huɗu. Ki sayi biro da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ki fara tattara maganganun Mama.

Ba labarinta nake nufi ba, maganganunta. Da wane suna take kiranki? Idan ke ce ta fari, wataƙila ba ta taɓa kama sunanki ba saboda alkunya, to me ta laƙaba miki? Me take cewa idan kwano ya suɓuce mata, ko idan mai kayan miya ya tsawwala, ko idan ta zo tashin ku sallar asuba? Wace addu'a take bin ki da ita idan za ki fita? Yaya take faɗa, kuma yaya take lallashi bayan faɗan, tunda iyayenmu da yawa ba da baki suke ba da haƙuri ba, sai dai ka ga an ƙara maka tsokar nama. Ki rubuta karin maganar da ta fi yawan jawowa, yadda ita take faɗarta ko da ta saɓa wa ta cikin littattafai. Ki rubuta waƙar da take yi wa jikoki, da tatsuniyar da take yi muku da inda take canza mata ƙarshe. Ki rubuta yadda take haɗa yajinta, abin da take fara zubawa a miyar kuka, ranar kwasar adashinta, sunan unguwar da ta taso da na ƙawayenta na ƙuruciya. Abin da kika manta ki je ki tambayi gwaggonninki da innoninki da aminiyarta. Tsofaffin mata suna da labaran da ba sa ba 'ya'ya sai bayan mai labarin ta kwanta dama, kuma zuwan naki kansa sada zumuncinta ne. Idan akwai saƙonnin muryarta a WhatsApp, ko ba za ki iya sauraro yanzu ba, ki sa wani ya kwashe miki su a ajiye wuri biyu. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, kuma na ga mutanen da suka yi kukan wannan asarar kamar sabuwar mutuwa.

Dalilin da na zaɓa miki wannan ƙofar shi ne ba ta neman abin da ba ki da shi a yanzu. Ba sai kin ƙirƙiri komai ba, ba zubi, ba tsari, ba mai karatu da ke jira. Tuno da saurare kawai, kuma su ne abin da zuciyarki take yi dare da rana ko kin so ko ba ki so ba. Sai dai a ɓoye aikin marubuci ne tsantsa. Duk wadda ta zauna ta kamo ainihin yadda mahaifiyarta ke jera kalmomi, inda take jan murya, inda take yanke magana ba ta ƙarasa ba, ta koyi rubuta zance fiye da abin da kowane taron bita zai koya mata. Ga shi kuma aiki ne mai gudun lokaci. Kamannin fuska hoto yana riƙe su, amma lafazi yana gogewa. Abin da kike ji a kunnenki tar a yau, nan da shekara uku sai kin yi kokawa kafin ki kamo shi.

Ki ƙayyade wa zaman lokaci, minti goma sha biyar zuwa ashirin, da hantsi ko bayan la'asar, ba dab da kwanciya ba. Idan lokacin ya cika ki rufe ko da a tsakiyar jimla ne, ki tashi ki kama aikin hannu ko ki shiga cikin mutane. Wannan adadin ba ni na ƙirƙiro shi ba. A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su rubuta abin da ya fi ci musu rai na minti goma sha biyar a kwana huɗu a jere, aka ga waɗanda suka haɗa abin da ya faru da yadda suka ji sun rage zuwa asibiti a watannin da suka biyo. Daga nan zancen cewa rubutu magani ne ya bazu. Amma ki san cewa da aka gwada irin wannan a kan waɗanda aka yi wa rasuwa, amfanin bai fito fili haka ba. Saboda haka masu ce miki ki rubuta za ki warke sun yi miki alkawarin da ba a hannunsu yake ba. Rubutu yana taimakon wasu, wasu kuma yana mayar da su cikin rami. Alamar da za ki duba ita ce, in kin waiwayi shafukan mako biyu kika ga kullum daren ƙarshen nan kike maimaitawa, da ma na kai ta da wuri, da ma mun canza asibiti, kalmomin ba sa motsawa, to ki dakata da rubuta ciwon, ki koma kan shekarun lafiyarta.

A nan zan faɗi abin da ya wuce hurumin alƙalami. Kasa rubutu shi kaɗai ba ciwo ba ne. Amma idan har yanzu ba kya iya cin abinci ko barci, kin janye daga kowa, hidimar gida da ta aiki ta gagare ki, ko kina jin gara ki bi ta, wannan na likita ne, kuma na ƙarshen ba ya jiran gobe: ki faɗa wa wani naki yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jimamin da ya zarce ya hana mutum rayuwa cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, inda ake duba wanda ya wuce aƙalla wata shida kuma ya zarce abin da al'ada da addinin mutum suka saba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Zuwa can ba hauka ba ne, kuma ba ya kore addu'a.

Shi kuwa littafin na huɗu, za ki san lokacinsa ya yi ranar da kika ji kina son sanin halin da mutanen cikinsa suke, ba don masu karatu ba, don ke. Ranar kada ki buɗe shi a waya. Ki kai shagon buga takardu a fitar miki da shi, ki karanta a takarda, a wani ɗaki ko wani gida da ba shi da alaƙa da jinya, da biro a hannu kina gyara ƙananan kurakurai. Gyara ya fi ƙirƙira sauƙi, kuma ta nan hannu yake sabawa. In kin kai ƙarshe ki kwafi shafi biyun ƙarshe da hannunki, sau da yawa jimla ta gaba takan biyo da kanta. In ba ta biyo ba ki tsallake, ki rubuta duk fitowar da ta fi kusa da ranki ko da ta babin ƙarshe ce. Ƙafar da aka kwance wa ɗori ba a gudu da ita, dogarawa ake yi, kuma takun farko ba ya kyau. Shafukan farko za su yi miki lami. Ki bar su, kada ki yaga, kada kuma ki nuna wa kowa tukuna.

Ki shirya wa abu ɗaya: kina iya karanta littafin ki ji kamar wata ce ta rubuta shi. Rikicin da kike ganin babba a da, fushin saurayi ko gulmar dangin miji, ya zame miki ƙarami. Wannan ba lalacewa ba ce, kin ga abin da ba ki gani ba ne a da. Wasu marubutan sukan shigar da wannan sabon idon cikin ragowar littafin ya ƙara nauyi. Wasu kuma littafin yakan mutu a hannunsu. Idan naki ya mutu, ki rubuta wa masu karatu yadda kika so labarin ya ƙare a shafi uku ko huɗu, ki mayar da kuɗin wanda bai gamsu ba, ki wuce. Gajeren labari ma ƙofa ce mai kyau. Tsawon da gasar Hikayata ta BBC Hausa take nema, kalma 1,000 zuwa 1,500, ya isa ki gwada ƙarfinki da shi a gida, ba tare da kin ɗora wa kanki wa'adin gasa ba.

Saura batun rubuta labarin Mama don jama'a. Ra'ayina ki jinkirta, aƙalla shekara ta zagayo. Rubutun da ake yi da ɗanyen ciwo kusan kullum kala ɗaya yake fitowa: uwa ta zama waliyyiya marar aibi, kowane shafi ana fashewa da kuka mai tsuma zuciya, mai karatu ya yi tausayi amma bai san matar ba. Yabo zalla aikin marsiyya ne, kuma in ita kike so ki yi ta, tana da darajarta. Labari kuwa mutum cikakke yake so, da faɗanta da rowarta ta gishiri da dariyarta. Abin da ke sa mai karatu hawaye ba kalmar hawaye ba ce, ganin ɗiyar ta zuba tuwo kwano shida ne alhali yanzu mutum biyar ne a gidan. Irin waɗannan duk suna cikin littafin makarantar da na ce ki saya.

Kuma Mama ba taki ba ce ke kaɗai. Matar Baba ce, uwar yayyenki da ƙannenki ce, wataƙila abokiyar zaman wata ce. Jinya mai tsawo takan tona abubuwa a gida: wanda ya kawo kuɗi da wanda ya ɓuya, maganar da aka faɗa a farfajiyar asibiti, abin da ya biyo baya wajen rabon gado. Hannu zai yi ƙaiƙayin zuba su a labari a canza sunaye, amma dangi suna gane kansu ko an sa musu sunan wani gari. An hana mu zagin matattu, su kuma rayayyun da za ki taɓa ba su da dubban masu karatu da za su kare kansu a gabansu. Sirrin jikinta a lokacin ciwo, abin da ke kaɗai kika gani kina gyara ta, shi ma amana ne. Duk abin da ya shafi gidanku kai tsaye, ki karanta wa Baba ko babban yayanku kafin ya fita. Idan suka ce a cire wani wuri, ki saurari dalilinsu da kyau. Wani lokaci za ki iya sauya fitowar ta yadda gaskiyar za ta tsaya ba tare da an nuna kowa da yatsa ba, wani lokaci kuma wurin nasa cikin akwatinki ne, 'ya'yanki su karanta in sun girma.